Ɗinkin da Rifkatu Ba Ta Gani Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar matata Rifkatu. A shekarun da suka wuce, idan ranar ta zagayo, mukan taru a gida bayan an tashi daga coci, mu yi addu'a, a ci tuwon dawa da miyar kuka, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa jin akwai abin da zan faɗa wa mutanen da ba su san ta ba. Amma a watannin nan wani abu ya same mu a gida, kuma tun daga farkonsa har ƙarshensa ba abin da nake yi sai tambayar kaina: da Maman Ishaya, wato Rifkatu, tana nan, me za ta so ta sani? Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Rifkatu tela ce. Tana da ɗan shago a bakin kasuwar Zuru, inda take ɗinka kayan zumuntar matan coci da rigunan 'yan makaranta, tana kuma tsuke wa sojojin da suka zo hutu kakin da ya yi musu yawa. Ni malamin firamare ne, har na yi ritaya ina hedimasta, don haka mutane sun ɗauka ni ne mai bin diddigi a gidanmu. Ba haka ba ne. Ni in aka ce mini abu yana aiki, na gode, ya ishe ni. Ita kuwa sai ta ga yadda yake aikin. Duk rigar da na sayo, kafin in sa sai ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa daga wuya har ƙasa, ta gaya mini ko mai ɗinkin yana sauri ne ko kuwa allurarsa ta dakushe. Ta taɓa kwance rediyona don ta ga inda murya ke fitowa. Rediyon bai sake magana ba, amma ita ta ce ta ƙaru.

Ciwon nata da gajiya ya fara. Tana cikin taka keken ɗinki sai ta tsaya, ta dafe goshi, ta ce ƙafafunta sun yi nauyi. Tafin hannunta ya yi fari fat. Aka ce ƙarancin jini ne, aka ba ta ƙwayoyi. Aka ce taifot ne, aka sake ba ta wasu. Muka shiga dafa mata hanta da zogale. Har ƙarin jini aka yi mata, ta ɗan warware, abin ya sake dawowa. A karo na biyu da aka rataya mata ledar jini, sai ta dubi likitan da ke duba ta a nan Zuru ta ce, "Wai jinin nan da kuke zuba mini, ina yake zuwa? Ni ban ga ya fita ta ko'ina ba." Ya tsaya ya dube ta, ya ce tambayar da shi ma yake yi wa kansa ke nan. Washegari ya tura mu babban asibiti a birni.

A can aka zura mata wata siririyar na'ura mai ido ta dubura, aka leƙa babban hanjinta, aka ga ƙari a ɓangaren dama. Gwaji ya nuna ciwon daji ne. Likitan tiyatar da aka haɗa mu da shi matashi ne a lokacin, dogo, bai daɗe da dawowa daga ƙarin karatu ba. Ya cire robar sauraron ƙirji daga wuyansa, ya lanƙwasa ta a kan tebur kamar bakin ƙofa, ya ce mu ɗauka wannan ne babban hanji. Ya ce ɓangaren dama yana da faɗi, abin da ke bi ta cikinsa kuma ruwa-ruwa ne, shi ya sa ƙari kan daɗe a wurin bai toshe hanya ba, sai dai ya yi ta tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani. Sannan ya ce ba zai tsage cikin daga sama har ƙasa ba, yadda aka saba. Zai huda 'yan ƙananan ƙofofi, a hura iska cikin ya ɗaga, ya zura kyamara da dogayen ƙarafa, ya yi aikin yana kallon allo. Laparoskofi ya ce sunan wannan hanya.

Ni tambaya ɗaya ce a bakina, ko za ta rayu, kuma tsoro ya hana ni yin ta. Rifkatu kuwa ta jawo kujera kusa da teburin.

"In kun yanke daga nan zuwa nan, ɗana, da me za ku haɗa bakin biyu?"

"Ƙaramin hanji za mu haɗa da sauran babban, Mama. Wani wuri da zare, wani wuri da wata na'ura mai kama da abin maƙale takardu na ofis."

Ta yamutsa fuska. "Na ofis? To, a ciki za ku haɗa, ko sai kun fito da shi waje?"

Ya yi dariya har ya jingina da kujera. Ya ce a kan wannan tambaya likitoci ke ta musu in sun haɗu. Shi dai zai yi 'yar tsaga kusa da cibiya, ya jawo bakin biyu waje, ya haɗa, ya mayar. Ya ce ɗinki a ciki da miƙaƙƙun ƙarafa kamar mutum ya ɗaure allura a bakin sanda ne ya zura cikin tulu yana kallon madubi, kuma shi bai kai nan ba tukuna.

"In ɗinkin ya yi yoyo fa?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ce abin da suka fi tsoro ke nan, kuma yakan faru, amma ba sosai ba.

Na taɓa gwiwarta na ce ta bar likita ya huta haka. Ta juyo ta ce mini da harshenmu na C'lela, don kada ya ji, cikinta ne za a shiga ba nawa ba.

Aikin ya yi kyau. Ba a daɗe ba ta miƙe tana takawa a barandar asibiti, tana jan sandar ƙarin ruwa. Ta nace sai da aka nuna mata hoton abin da aka cire. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce abu ɗaya ne ya dame ta: an yi mata ɗinki mafi muhimmanci a rayuwarta, an kuma ajiye shi inda ba za ta taɓa juya shi ta duba ba. Sai dai sakamakon gwaji ya nuna ciwon ya riga ya kai ga kaluluwar da ke kewaye da hanjin. Aka yi ta yi mata allurai masu wahala. Ta koma shago, ta ɗinka kayan bikin 'yarmu Hannatu da hannunta, ta goyi jika. Shekara uku muka samu. Daga nan ciwon ya ɓullo a hanta, kuma wannan karon babu abin yankewa.

A cikin shekarun nan uku ne ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Mun koma ganin likita, ya gama duba ta, har na miƙe, sai ta ce mahaifinta ciwon ciki ne ya kashe shi a ƙauyensu ta wajen Wasagu, bai tsufa ba. Yayanta soja ma haka, a bariki, bayan ya rame ya ƙare. "Abin nan yana bin jini ne?" Likitan ya ajiye biro, ya tambayi shekarun kowannensu. Ya ce akwai gidajen da yake bi, kuma alamu sun nuna nata yana iya zama cikinsu. Ya ce 'ya'yanta su je a leƙa hanjinsu tun da ƙuruciya, ko da suna jin garau.

Da wata ce, da sai ta kira 'ya'yanta ɗaka ta faɗa musu a hankali. Rifkatu ranar Kirsimeti ta zaɓa, ana tsakiyar cin shinkafa, ga surukai ga maƙwabta. Ta yi bayanin na'urar, da tsawonta, da inda ake zura ta. Ɗanmu Ishaya, wanda a lokacin bai daɗe da aure ba, ya ajiye cokali ya fita waje. Hannatu ma'aikaciyar jinya ce, ba ta ɗauki abin da kunya ba, ta je aka duba ta, ba a ga komai ba. Ishaya kuwa malamin gona ne a Ribah, kullum yana kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan, ƙato mai ƙarfi da ba ya ko zazzaɓi. Shekara da shekaru in aka yi masa maganar sai ya ce sai bayan girbi.

Hannatu yanzu a ƙasar waje take aiki, a ɗakin tiyata. Da ta zo hutu da ranin da ya wuce, ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauke makullin babur ɗinsa ta sa a jaka, ta ce, "Yaya, in kana son abinka, a birni za ka karɓa." Haka suka tafi yana ta faɗa. Aka leƙa, aka ga ƙari, a ɓangaren dama, kusan daidai inda na uwarsa ya fito. Ƙarami ne, amma shi ne.

Daga nan gidanmu ya rabu biyu. Hannatu ta koma bakin aiki, ta shiga kiran waya safe da yamma. Ta ce a asibitinsu da mutum-mutumi ake irin wannan aiki, kuma ba za ta yarda a taɓa yayanta da abin da bai kai shi ba. Za ta nema masa biza, za ta ɗauki nauyin komai. Ni da na ji mutum-mutumi, na ɗauka wani ƙarfe ne mai kai da ido zai tsaya a kan ɗana da wuƙa, yana yanke shawara shi kaɗai. Na ce sam. Sai ta turo mini bidiyo a waya.

Na kalle shi ban san iyaka ba. Ga majiyyaci a kwance an lulluɓe shi, ga hannayen ƙarfe sun sunkuyo a kansa kamar ƙafafun gizo-gizo, kowanne ya shiga ta ƙaramar ƙofa irin dai ta laparoskofi. Likitan kuwa yana can gefen ɗaki a zaune, ya cusa fuskarsa cikin wani akwati, yatsunsa na motsi a hankali. Hannatu ta ce injin ba ya yin komai da kansa, duk motsin da likita ya yi shi yake kwaikwaya. Bambancin shi ne bakin ƙarafansa suna lanƙwasa kamar wuyan hannu, ba sa rawa, likitan kuma yana ganin zurfin wuri kamar ya shiga ciki da kansa. Shi ya sa ɗinki a ciki ya fi sauƙi da shi. Amma abin da ya riƙe idona ba hannayen ba ne. A ƙarƙashin akwatin, likitan ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, yana taka wasu fedoji da safa. Rifkatu ba ta taɓa taka keke da takalmi ba. Takan ce ƙafa ma sai ta ji abin da inji ke faɗa. Ina zaune ni kaɗai a tsakar gida na ce da ƙarfi, "Ashe tela ne!"

Tun daga ranar tsorona ya koma son sani, na kuma fara jero tambayoyin da na san za ta yi. In aka ɗauke wuta fa? Hannatu ta ce akwai batir da janareta, kuma in abin ya ƙi, ana janye injin a ci gaba da hannu. Wa ke tsaye kusa da majiyyaci, tunda likita ya koma gefe? Ta ce akwai wani likitan da ma'aikatan jinya, ita ma nan take tsayawa. Sai ta ukun, wadda na tabbata Rifkatu da ita za ta fara: shin hannun likita yana jin taushi ko taurin abin da ƙarfen ya kama? Domin ita ba ta taɓa sayen yadi da ido ba, sai ta murza shi tsakanin yatsu. Hannatu ta ce yawancin injinan ba sa isar da wannan, likita da ido yake koyon gane ƙarfin da ya ja. Har yau ina juya wannan amsa. Wani lokaci in ga Rifkatu za ta ce aikin da hannu bai ji ba ba aiki ba ne. Wani lokaci kuma in ga za ta haye teburin nan da gudu don kawai ta ga yadda abin yake, sannan ta farka tana mita cewa an sa ta barci an yi komai ba ta gani ba.

Muka koma wurin likitan da ya yi wa uwarsa aiki. Furfura ta cika masa kai yanzu. Da ya ji sunanta ya tuna ta nan take. Muka sa Hannatu a waya, muka ajiye a kan tebur. Ishaya, wanda tun da aka gano ciwon bai cika magana ba, shi ya fara.

"Likita, in na je can, abin da za a cire mini ya bambanta da wanda za ka cire?"

"Ɗaya ne. Ɓangaren hanjin, da jijiyoyin jininsa, da kaluluwarsa."

"To mene ne amfanin injin?"

Likitan bai kushe shi ba. Ya ce wasu rahotanni sun nuna hanji kan ɗan riga farfaɗowa, kuma ba a cika kai wa ga dole sai an tsage ciki a tsakiyar aiki ba. Amma aikin yakan fi daɗewa, ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma game da warkewa daga ciwon kansa, har yanzu ba a nuna ɗaya ya fi ɗaya ba. "Ni ba ni da injin, ban kuma ƙware a kansa ba," ya ce. "Wannan na hannuna shi na sani. Tun bayan mahaifiyarka na koyi haɗa hanjin a ciki, shi nake yi yanzu. Ka je can, ba ka yi kuskure ba. Ka tsaya nan, ba ka yi kuskure ba. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne jira."

Muryar Hannatu ta fito daga wayar. "Irin wannan aka yi wa Mama. Ina take yanzu?"

Likitan ya sunkuya kusa da wayar ya ce, "'Yata, da injin ne ya yi wa mahaifiyarki aiki, abin da za a tarar a cikinta ke nan. Ciwon ya riga mu nisa. Na yayanki bai yi ba tukuna."

Ishaya ya tambayi Hannatu tsawon lokacin da biza za ta ɗauka. Ta ce ba ta sani ba, wataƙila watanni. Ya ce to shi a nan za a yi masa. Ya ce yana so in ya buɗe ido ya ga matarsa, ya ji ana masa sannu da harshen da ya sani, kuma ya gaji da yawo da abin nan a cikinsa tun da ya san yana nan. Hannatu ta kashe wayar ba sallama. Ana gobe za a shiga da shi sai ga ta a ƙofar ɗakin da jakarta, ko gida ba ta biya ba.

An yi aikin lafiya. Bayansa aka ce abin da ake jira shi ne hanji ya farka, kuma alamar farkawarsa ita ce iska ta fita. Ban taɓa zaton zan zauna a bakin gadon ƙaton ɗana, ni da matarsa da ƙanwarsa, muna sauraron tusa kamar masu jiran ruwan shuka ba. Da ta zo, da hantsi, ba ta zo a ɓoye ba. Mutumin da ya bar shinkafar Kirsimeti saboda kunya ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, kun ji ko?" Hannatu ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa kai a ƙafafunsa. Sakamakon gwaji ya fito daga baya: kaluluwar duka lafiya lau, ba ya buƙatar allurai. Sai dai zai riƙa komawa a leƙa shi a kai a kai har iyakar ransa, 'ya'yansa ma in sun girma. Da daminar nan tare muka yi noman farko a gonar dawa, ko da yake na hana shi sunkuyo da yawa.

Ban rubuta wannan don in ce wata hanya ta fi wata ba. Ni malamin firamare ne, kuma waɗanda suka sani ma ba su gama musun ba. Hannatu har gobe tana cewa injinsu ne gaba, ni kuma ina fata Ubangiji ya ja kwanana in ga ɗaya da idona, in tsaya a bayan likitan in kalli ƙafafunsa. Sai dai nakan yi tunanin cewa a wajenmu, kafin a kai ga gardamar wane ƙarfe zai shiga ciki, akwai mutanen da ke shan maganin ƙarin jini shekara guda ba wanda ya tambayi inda jinin ke tafiya.

Makon jiya ina gyara shinge sai ga wani mutum a kan babur, ya sha tafiya, laka har gwiwa. Ya ce daga Dirin Daji yake, yana neman gidan telar da aka yi wa tiyata ta ƙananan ƙofofi. Wata 'yar cocinsu ce ta kwatanta masa. Ashe Rifkatu takan ja labulen shagonta ta nuna wa mata tabon cikinta, ta yi musu bayani tun daga farko, ni ban taɓa sani ba. Ya ce matarsa jininta ya ƙi tsayawa, an ce a je birni a leƙa, ita kuma ta ce ba za ta je a yanka ta ba sai ta ji daga bakin wanda aka yi wa.

Na ce masa telar ta rasu shekara bakwai ke nan. Ya cire hularsa, ya yi mini gaisuwa, ya juya zai tayar da babur, fuskarsa duk ta faɗi. Na ce ya dakata. Ishaya yana gida ranar. Na kira shi, ya fito, ya saurari mutumin har ya gama. Sai ya ɗage rigarsa a nan bakin titi, ya kama hannun baƙon ya ɗora a kan tabon. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko makullin babur ɗinsa.

"Mu je," ya ce. "Gara ta gani da idonta."